Igwar Dutse a Fako

Ran Asabar bayan sallar isha'i na leƙa gidan Kawu, na tarar da shi a zaure shi kaɗai, tabarau a kan karan hanci, takardu uku a gabansa ya danne su da butar shayi don kada iskar fanka ta kwashe. Sati biyu ke nan da naɗa shi shugaban kwamitin da zai zaɓo wa 'yan sa-kan garinmu sababbin kayan aiki, tunda na hannunsu duk sun gaji. Kawu mutumin kirki ne, wannan ba a gardama. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati, ya fito daga shi sai gidan nan da tsohon babur, kuma saboda haka ma aka ba shi aikin.

Bayan mun gaisa ya miƙo mini takardun. "Duba nan, Malam ƙarami. Mun kammala. Daga can sama aka aiko mana da jerin abin da ke cikin sito, muka tsinci na tsinta."

Ta farko jeri ne: riguna, huluna, usur, takalman roba na damina, da wasu kaya da aka taɓa saya wa wata ma'aikata aka jibge ba a ko kwance su ba. Ta biyu zanen rubutun da za a buga a bayan kowace riga, sunan mai girman da ya ɗauki nauyi, da manyan baƙaƙe. Ta uku wasiƙa ce, tana cewa a kwantar wa jama'a da hankali, bisa rahoton da ke hannu babu abin fargaba.

Tambaya ɗaya ta zo mini har leɓe: an kuwa zauna da yaran da ke kwana a bakin gari? Na haɗiye ta. Wanda ya ɗora ka a kafaɗa ya kai ka kallon hawan salla ba ka titsiye shi a zaurensa. Na tsiyaya shayi na ce, "Kawu, akwai wani labari da na karantar da 'yan ajina shekaranjiya, har yanzu bai sake ni ba."

"Kai da labaran Turawanka. To, bismilla."

Na ce masa a Afirka ta Kudu akwai wani gari, Kimbali, garin daimon. A 1899 yana cikin yankin Kef da Ingila ke mulka, kusan kilomita 1,000 daga Keftawun inda gwamnati take, amma daf da iyaka. Ka yi 'yar tafiya gabas ka faɗa ƙasar Bowa, Turawan nan jikokin mutanen Holan da suka kafa ƙasashensu biyu, Tiransibal da Oranj. Faɗan da ke tafe na ɓarayi biyu ne a gonar wani, domin ƙasar ta baƙar fata ce kuma ba wanda ya nemi jin ta bakinsu. Wannan zancen wata rana ne.

Tun farkon 1896, bayan da Jameson, yaron attajirin nan Cecil Rhodes, ya kai wa Tiransibal harin da ya ƙare masa da kunya, shugaban ƙasar Paul Kruger ya kwance bakin jaka. Yana da kuɗin zinariya. Ya sayo bindigogin Mauser da igwa ƙirar Krupp daga Jamus, ya sayo wasu manya huɗu daga masana'antar Creusot ta Faransa. 'Yan leƙen asirin Ingila sun san da cinikin, har sun rubuta shi.

Kimbali kuma tana da rundunar 'yan sa-kai masu igwa, Diamond Fields Artillery, wato masu igwar filin daimon. Mutanen gari ne masu sana'o'insu, in an tashi daga aiki su sa kaki su yi atisaye. Igwa shida gare su. Ita igwar ba ta da laifi a inda aka yi ta dominsa. An ƙera ta wajen 1879 saboda yaƙin duwatsu irin na iyakar Indiya da Afganistan, inda keken doki ba ya hawa. Bututunta gida biyu ne, a ɗora wa wannan alfadari rabi, wancan rabi, in an hau dutse a murɗa su su haɗe kamar murfin kwalba. Ta baki ake ɗura ta, yadda maharbi ke ɗura bindigar toka, a cusa albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda. Faɗin bakinta inci 2.5, harsashinta kilo 3 da ɗan ɗori, kuma in ta yi iyakar yinta ta kai shi kilomita 3 da rabi. Baƙin albarushi take ci. Kowane harbi sai farin hayaƙi ya turnuƙe wurin, masu harbin su tsaya jiran ya washe, abokin gaba kuwa ya ga daidai inda suke tsugune.

Kimbali fako ce, shimfiɗe kamar faifai. Manyan tuddan cikin garin tarin ƙasar da aka haƙo daga ramukan daimon ne. A irin wannan fili, wanda hannunsa ya fi tsawo shi ke mari.

Kawu ya katse ni. "To wane mai hankali ne ya kai igwar dutse fako?"

"A ganina wanda ya buɗe littafin sito ne, Kawu. Ya ga akwai igwa a ajiye, ya ga ga wasu 'yan sa-kai suna neman igwa, ya haɗa su. A takarda lissafi ya fita tsaf."

Ya ce uhum, ya kurɓi shayi.

Haka tsarin yake a lokacin. Sabon makami na sojan sarauniya ne, in ya tsufa ya gangaro wa 'yan sa-kan ƙasashen mallaka, kamar rigar wa da ake rage wa ƙane. Kuma ba wai babu wadda ta dace ba. Sojan Ingila na ainihi yana jan wata igwa ta fili wadda ake ɗurawa ta gindi, harsashinta ya ninka na waccan nauyi, tana kai kilomita 5, albarushinta ba ya tona asirin mai harbi. Tana nan, ba ta dai kai kan mutanen bakin iyaka ba. 'Yan sa-kan yankin Natal ma irin ta Kimbali aka ba su. Ran 21 ga Oktoban 1899 suka fito da ita a Elandslaagte, suka yi 'yan harbe-harbe, igwar Bowa ta amsa daga inda tasu ba ta kaiwa, ala tilas suka ja da baya.

Mutanen Kimbali ba makafi ba ne. Watanni kafin yaƙin, manyan garin suka aika wa firaministan Kef, William Schreiner, cewa a duba lamarinsu, a ba su abin kare kai. Amsa ta dawo cewa babu dalilin zaton za a kawo wa Kimbali hari, tsoronsu ba shi da tushe.

Na lura idon Kawu ya sauka kan takarda ta uku, sai na yi sauri na ƙara da cewa Schreiner ba mugu ba ne. Ƙoƙarin hana yaƙin yake yi da gaske. Gwamnatinsa ta jingina da goyon bayan Turawan Kef masu jinin Bowa, kuma a ganinsa tura makamai bakin iyaka tsokanar faɗa ne. Mutum ne mai son zaman lafiya da bin ƙa'ida. Cikin waɗannan watannin dai aka bar lodin harsasai da aka sauke a tashar ruwan Kef ya bi layin dogo ya wuce ƙasar Oranj, tunda takardunsa sun cika. Daga Keftawun ba a hango ƙurar dawakin da ke taruwa a bayan Kimbali.

Sai a watan Satumba aka farga. Aka turo Laftanar Kanar Robert Kekewich da rabin bataliya, tare da ƙwararrun masu igwa na soja. Jama'a suka ce madalla, ga manyan kaya sun iso. Da aka sauke, igwa shida ce irin dai waccan ta alfadari.

Yaƙi ya ɓarke ran 11 ga Oktoba. Ran 14 aka yanke waya da layin dogo, Bowa suka yi wa garin ƙawanya, da mutum 40,000 ko fiye a ciki. Rhodes da kansa ya shigo ana daf da rufe hanya, ya tare a wani otal, shi da Kekewich suka shiga 'yar tsama kan wane ne mai gari. Daga farkon Nuwamba Bowa suka fara ruwan harsashi. Sukan girke igwarsu can inda suka san ta Kimbali ba ta isowa, su yi harbinsu a tsanake. 'Yan sa-kai su ɗura, su danna, su harba, hayaƙi ya tashi, harsashi ya faɗi a tsakiyar fili ya tayar da ƙura. Mutanen gari suka mai da igwar abin ba'a, suna ce mata bindigar wasan yara. Ni dai masu harba ta nake tausayi. Mutum ya bar iyalinsa ya kwana a rami, ya san abin hannunsa ba ya kaiwa, gari ya waye kuma a yi masa dariya a kasuwa.

A nan wani mutum ya shigo labarin, George Labram, Ba'amurke, babban injiniyan kamfanin De Beers mai ramukan daimon. Farar hula ne, ƙasarsa ma ba ta cikin yaƙin. Da Bowa suka datse ruwan da ke zuwa daga kogin Vaal, da shi aka juyo wa gari ruwan ramin Wesselton. Shi ya haɗa ɗakin sanyi na ajiye nama. Da harsasan ƙananan igwan suka fara ƙarewa, a ma'aikatarsa aka riƙa ƙera wasu. A jikin harsasan kuwa akwai ɗan rubutu: gaisuwa daga C.J.R., haruffan sunan Rhodes.

"Sunansa a jikin harsashi?" in ji Kawu.

"Ai shi ya ɗauki nauyi, ranka ya daɗe."

Bai ce komai ba. Ya ɗan ja takarda ta biyu ya tura ta ƙarƙashin ta farko, kamar mai gyara su.

Rundunar da aka turo ceton garin ta zo har Magersfontein, inda ake jiyo ƙarar igwarta daga cikin Kimbali, Bowa suka yi mata kaca-kaca ran 11 ga Disamba. Da fata ya yanke, Labram ya ce bari su ƙera tasu igwar. Bai taɓa ƙera igwa ba, haka ma babban mai zanen kamfanin, Edward Goffe. Suka tattaro abin da ke garin na karatu, babin harkar igwa a cikin Encyclopaedia Britannica, da littafin soja kan harsasai, da tsofaffin mujallun injiniyoyi. A farfajiyar ma'aikata akwai wani gungumen ƙarfe, tsawonsa ƙafa 10, kaurinsa inci 10 da rabi, wanda aka sayo don wani inji daban. Ran 26 ga Disamba aka ɗora shi a kan injin gurza ƙarfe. Kafin a huda shi sai da aka fara ƙera abin hudawar, kafin a zana layukan cikin bututu masu sa harsashi ya juya sai da aka ƙera abin zanawar. Aka yi ta yi dare da rana. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kam sun fafe tasu ana tsakiyar tafiyar, rana tsaka, ƙishirwa ta riga ta kama kowa.

Kwana 24 aka gama. Faɗin bakinta inci 4.1, ta gindi ake ɗura ta, harsashinta kilo 13. Aka raɗa mata Long Cecil, Dogo Cecil ke nan, da sunan Rhodes.

Kawu ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kura da shan bugu."

"Gardi da karɓar kuɗi, Kawu."

Ran 19 ga Janairun 1900 aka fito da ita gwaji. Ana ba da labari cewa Rhodes ya gayyaci babban hafsan igwa na garin, Laftanar Kanar Chamier, ya yi harbin farko, shi kuwa ya ce a'a, ƙa'idar aikinsa ba ta ba shi damar harba igwar da ma'aikatar yaƙi ta Landan ba ta amince da ita ba. Fiye da wata biyu ana dukansa daga nesa, ga abin ramawa an kawo har gabansa, yana neman hatimi. Sai Rhodes ya aika aka ɗauko matar sakataren kamfanin, aka miƙa mata igiya ta ja. Harsashin ya tafi kilomita 7, ya sauka a wani sansanin Bowa da ke kusa da tashar tura ruwa, inda suka daɗe suna girki da shanya ba wanda ya taɓa damunsu. Aka damƙa igwar ga 'yan sa-kan nan dai da ake yi wa dariya, kuma cikin sati huɗu suka harba harsashi sama da 250 da ita. Mutanen ba su canza ba, ba a kuma kai su wani kwas ba. Ashe da ma sun iya.

In da tatsuniya ce da a nan zan ce ƙurunƙus. Bowa suka ga an fara isa gare su, sai suka aika a kawo ɗaya daga cikin manyan nan huɗu na Faransa, wadda Turawan Ingila ke kira Long Tom, Dogo Tom. Faɗin bakinta milimita 155, harsashinta kilo 43, tana wuce kilomita 9. Tun 1897 aka saye ta, a lokacin da ake da sukunin zaɓe da gwaji da koya wa masu harbi. Aka girke ta a kan tarin ƙasar ramin Kamfersdam, ta fara magana ran 7 ga Fabrairu. Ita ma mai hayaƙi ce, saboda haka aka sa mai gadi a kan hasumiyar da aka kafa bisa ramin De Beers, da ya hango farin hayaƙi sai a busa begila, mutane su sami daƙiƙa 15 ko makamancin haka su faɗa rami. Ka ƙiyasta uwa mai 'ya'ya huɗu a tsakar gida da daƙiƙa 15.

Ran 9 ga Fabrairu da yamma Labram ya koma ɗakinsa a otal ɗin Grand yana shirin fita cin abincin dare. Harsashin Dogo Tom ya faɗo ɗakin. Da daddare aka yi jana'izarsa don gudun igwar, duk da haka ana tafe da gawa harsashi na sauka.

Bayan kwana biyu aka fara zura mata da yara wajen 3,000 cikin ramukan daimon, can ƙarƙashin ƙasa, akasarinsu Turawa. Tun watan Janairu ake rabon naman doki. Su kuwa baƙaƙen leburorin da aka killace a sansanonin kamfani, waɗanda da hannunsu aka haƙa ramukan da ake ɓuya a ciki, su ne na ƙarshe a rabon abinci. Ciwon rashin ɗanyen ganye ya kama su, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, ɗaruruwa suka mutu. Jariransu kuwa kaɗan ne suka ga ƙarshen ƙawanyar. Da Rhodes ya so rage bakin ci sai ya sa aka riƙa fitar da leburorin daga gari, Bowa kuma suna koro su. Babu ko ɗayansu da ya ga wasiƙar Schreiner, balle a ce da shi aka buɗe littafin sito.

Ran 15 ga Fabrairu dawakin Janar John French suka keto fili suka shigo garin, bayan kwana 124. Kwana shida ke nan da mutuwar Labram.

Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta. Kawu ya laluba ya kunna 'yar fitilarsa ya jingina ta da bango.

"To ka ce a gaya mini," ya ce, "da kai ne a Keftawun, me za ka saya musu?"

"Ni ban isa in sani ba, Kawu, malamin aji ne ni. Amma akwai waɗanda suka sani, kuma ba su da wuyar samu. Duk sajan da ya taɓa jan igwar nan a filin atisaye ya san inda harsashinta ke faɗuwa. Ya san ba dutse a garinsu. Kuma mutanen bakin iyaka suna cuɗanya da Bowa a kasuwa, suna jin abin da ake sauke musu. Da an kira ɗaya an ba shi kujera an ce, me mutanen can ke riƙe da shi, daga ina suke iya samunku, in abin nan ya lalace wa zai gyara a garin nan, da rabin sa'a ta isa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai shi sajan ba ya cikin kwamiti."

Kalmar ƙarshen nan ta kuɓuce mini ne. Na sunkuyar da kai ina juya kofi.

Kawu ya yi kamar bai ji ba. "Ita igwar fa, ina ta ƙare?"

Na ce masa da Rhodes ya mutu a watan Maris na 1902, a kan keken Dogo Cecil aka ɗora akwatin gawarsa aka zaga da shi titunan Keftawun. Daga baya aka mai da ita Kimbali, aka girke ta a gindin ginin tunawa da waɗanda suka mutu a ƙawanyar, wanda aka buɗe a 1904. Tana nan har yau, an jera harsasan Dogo Tom a kewayenta, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto.

"Shi bakaniken fa?"

"Akwai wata unguwa a garin mai sunansa."

"To, ba laifi." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya tattara takardun nan uku ya kife su, ya mai da butar shayi ya danne, ko da yake babu sauran iskar da za ta kwashe su. Ya ɗaga murya ya kira jikansa daga cikin gida.

"Kai, zo nan. Ka san gidan shugaban yaran nan masu sintiri, na bayan kasuwa? Je ka ce wa mutanen gidansa, in ya sauko da asuba ya biyo ta nan kafin ya kwanta. A ce ya taho da abin da yake kwana da shi a hannu, ina son in gani da idona."

Yaro ya zura takalmi ya fita. Kawu ya juyo ya dube ni ta saman fitila.

"Kai kuma Malam ƙarami, dare ya yi. Ka gai da uwarka. In za ka sake kawo mini labari, ka nemo gajere, shayina duk ya huce."